Sunan Kakata a Ruwan Ɗumi

Citta daga Kachia, buhu biyu, duk bashi.
Turmi a Tudun Wada, atishawa har asuba.
Na raɗa wa yajin sunan kakata, Tasalla,
don ita ta koya min
cewa gishiri ba ya riga kanumfari shiga turmi.

Sidi mai kwamfuta, can bayan Kasuwar Barci,
shi ya ce in kwantar da hankalina.
"Kin yi rajistar sunan shago? To, an gama.
Sauran duk cin kuɗin lauyoyi ne.
Ki zana ɗan harafi cikin da'ira a gefen sunan,
ko aljani ya gani sai ya kauce."
Ya ce in rubuta haɗin a takarda,
in aika wa kaina ta gidan waya,
kada in buɗe ambulan sai gaban alƙali.
Dubu bakwai ya karɓa, ya ɗora min da addu'a kyauta.

Na yi duka.

A bajekolin bara wani mai tabarau ya sayi kwalba shida,
ya juya su, ya ɗauki hoto, ya yaba.
Har gyara na yi masa.

Wata tara, sai ga wasiƙa mai kan sarki ja:
sunan yanzu tambarin wani kamfani ne,
kwana talatin in sauke shi daga kayana.
Wanda bai taɓa jin tarin Tasalla ba
shi ne ya gaje ta a takarda.

Lauya a Unguwar Rimi ta duba takarduna, ta yi shiru.
Ta ce, "Wannan ƙofar shago ta rufe miki,
ba bakin kwalba ba.
Ofis daban, rajista daban.
Za a iya ja, amma ja kuɗi ne."
Ambulan kuwa, murmushi kawai ta yi masa.

Araha ba ta ado. Na sani tun ina goye.

Yau ina tsugune gaban baho,
kwalabe ɗari huɗu a ruwan ɗumi,
ina ɓare sunan da farce.
Tasalla, Tasalla, Tasalla,
tana yawo a saman ruwa, tawada na zuba.

Ɗazu na wuce ta shagon Sidi.
Wani yaro mai ɗinkin takalma daga Kakuri
na zaune kan bencin da na zauna,
ambulan sabo fil a cinyarsa.
Na tsayar da mai Keke.