Inda Sabis Yake Kamawa

A ƙauyenmu sabis ba ya shiga ɗaki.
Sai ka bi ta bayan firamare, ka wuce burtsatse,
ka hau tudun da awakin Delu ke kwana,
ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.
Nan nake zuwa bayan isha'i.
In an tambaye ni, in ce zan kewaya.

Ɗari na ba yaron caji,
ɗari biyar na data, kuɗin cefanen safe,
don in yi magana da matar da ban taɓa gani ba.
Malamin asibitin Auyo ne ya rubuta min lambar
a bayan kwalin maganin hawan jini.
Ya ce, "Tanimu, ba kowane ciwo ne ke jin ƙwaya ba."

Daren farko sau uku ina ɗauka, sau uku ina gogewa.
Namiji da gemu, da 'ya'ya shida,
ya kai kukansa gidan da bai san ƙofarsa ba?
Na huɗu, yatsana ne ya zame, ya tafi.

Na ce mata ruwa ya ci shinkafar bana,
kogi ya biyo mu har gindin rumbu.
Na ce bashin taki dai bai nutse ba.
Na ce Haladu, babban ɗana, shekara sha huɗu,
ya bar injin ban-ruwa ba baƙin mai har ya ƙone,
ni kuma na ɗauki tiyo.
Nan na yi shiru.
Wayar ta ci gaba da ɗaukar kukan gyare.

Tun ranar, in na shigo ta zaure, ya fice ta danga.
Kwanon da muke ci tare ni kaɗai nake juya shi.
Uwarsa Hansai ba ta ce uffan ba,
amma dakanta ya canza sauti.

Amsa ta jira ni a tudun har washegari.
Na ɗaure, na zaci wa'azi zan sha.
Sai muryar Malama Asabe daga Kano,
janareta na gurnani a bayanta:
"Malam Tanimu, yaushe rabonka da barci?
Kuma yaushe rabon Haladu ya yi dariya a gabanka?"
Ta farko na amsa.
Ta biyu na tsaya lissafi kamar mai bin bashi:
babbar salla? A'a. Kakar bara?
Sabis ya ɗauke, ya rufa min asiri.

Aiki ta ba ni, mai sauƙin faɗa:
in zauna kusa da yaron tsawon tafasar shayi,
kada in aike shi, kada in gyara masa zama.
In tafin hannuna ya fara zafi,
in fita in ƙirga darbejiyar bakin hanya.
Bakwai ne daga ƙofarmu zuwa masallaci.
Shekara arba'in ina wuce su ban sani ba.

Ba zan ɓoye ba, ran Talata na sake daka masa tsawa.
Na hau tudu da kunya na faɗa mata.
Ta ce, "Tiyon fa?"
Na ce yana nan rataye.
Ta ce, "To, saka wannan ma a lissafin."

Ran Juma'a bayan magariba
na fito da injin na kwance shi a tsakar gida.
Ban kira kowa ba.
Ina laluben sifana mai lamba goma
sai ga ta a gefen gwiwata,
hannun da ya ajiye ta yana janyewa a hankali.
Na ce, "Haladu, ranar nan ban kyauta ba."
Maganar ta fito kamar ƙayar da ta kwana a dunduniya.
Bai amsa ba.
Ya dai riƙe min tocila.

Injin har yau bai tashi ba,
kuma datar saura ƙiris.
Awakin Delu sun saba da ni,
in na hau tudun ko kunne ba sa ɗagawa.