Awa Goma Sha Ɗaya a Yelwa

A Jega na saye ta, ranar kasuwa,
a rumfar Nomau mai gyaran rediyo.
Uku ya jera min a kan buhu:
mai kaset, mai kati,
da wata mai faifai a cikin cikinta.
Ya ce, mai kaset ta ci zamaninta,
neman abincinta zai kai ka Kano.
Wannan kuwa rumbu ce, gig sittin,
zuba mata tun hantsi har kaji su kwanta.
Sai dai ba ta son jijjiga, ba ta yafe faɗuwa,
ka riƙe ta kamar ƙwan zabo a aljihu.

Na duba idonta, babu tsaga.
Na zuƙo nesa, ta kawo min
haƙoran mai albasa daga ƙarshen layi.
Batir biyu, ɗaya ya kumbura.
Na taya, ya ce albarka. Na ƙara. Ya sallama.

Ba don biki na saye ta ba.
Kawu Arzika ne a bakin Kwara,
shekara hamsin yana fafe maɗaci
har gungume ya koyi iyo,
'ya'yansa kuwa duk sun hau babur.

Da dare na leƙa cikinta,
ashe ba ita kaɗai ta zo ba:
wata yarinya ce a wata ƙasa
tana hure kyandir huɗu,
wata mace na dariya a bayan hoto
da harshen da ban taɓa ji ba.
Na kwashe su zuwa kwamfuta kafin in share.
Amana ce, ko ban san mai ita ba.

Kwana tara ina bin gizago.
Na koyi ba rana baya,
na koyi ɗaure gwiwar hannu a haƙarƙari,
na koyi rufe bakina,
don makirfonta ɗan tsegumi ne,
har numfashina yake kai ƙara.
Ran da aka tura jirgin ruwa
na shiga na inji don in bi shi a gefe.
Injin na tashi, faifan ya firgita,
ya ɗauke kansa, ya ƙi rubutu.
Nomau ya faɗa. Ni ne ban ji ba.
Muka kashe inji, muka koma filafili.

Awa goma sha ɗaya na kawo gida.
Dare shida, in an kawo wuta,
ina yanka, ina liƙa.
Na cire tari, na cire akuyar da ta gifta,
na cire inda gizago ya zame
ya ci gefen jirgin,
da yinin da ya ɓata yana toshe wurin
yana zagin kansa ƙasa-ƙasa.
Minti ashirin, sumul kamar an shafa mai.

Ya kalla a tsakar gida, bai ce uffan ba
har allon ya yi baƙi.
Sannan ya ce, wannan wane ne?
Na ce, kai ne, Kawu.
Ya ce, a'a. Wannan bai taɓa kuskure ba.
Ina ranar Talata?
Kowane yaro zai iya sara.
Toshiyar nan ita mahaifina ya ɓoye min
sai da na yi gemu.

Allah ya so ban share asalin ba.
Na koma na tono Talata ɗungum,
da zagin, da gumin, da tsumman da ya cusa,
har akuyar na maido.
Yanzu fim ɗin ya yi tsawo, yana ɗingishi,
shi kuwa ya kalla sau uku.

Yarinyar tana nan a gefensa,
cikin jakar da ban raɗa wa suna ba.
Ta cika kumatu da iska.
Kyandir ɗaya bai mutu ba tukuna.