Dala Ashirin

Tun bayan isha'i wuta ta ɗauke a Garwa.
Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida,
kwamfuta a cinya, da zafinta kamar mai zazzaɓi,
batir saura kashi goma sha tara.
Daga gada ina jin motocin auduga
suna tsallake Binuwai, suna tari.

Abin da na gina ba shi da ƙofa.
Ɗan rumbu ne na manhaja,
aikinsa ɗaya: ka ba shi lamba,
ya mayar maka da ita magana.
Mai ɗiba ya ɗiba, mai zubawa ya zuba,
ban sa kwaɗo ba, ban ɗauki mai gadi ba.

Siga ta biyu ce ta ba ni kunya.
Hiseni ya rubuto daga Njamena:
"Ɗan'uwa, rumbunka ya yi boko,
amma bai taɓa shiga kasuwa ba.
Na ba shi sefa ɗari, ya ce ɗari.
Innata mai tuya ta ce dala ashirin."
Na yi tsit.
Ni da ake aika sayen gishiri da dala biyar
tun kaina bai kai teburin mai shago ba,
na zauna gaban allo na manta yaren aljihuna.

Wata huɗu ina koya wa na'ura
ta raba da biyar kafin ta buɗe baki,
ta san jaka, ta san jaka da rabi,
ta daina haɗiye ƙugiyar baƙaƙe.
Wata Tasalla, ban san fuskarta ba,
ta turo layi bakwai daga Damagaram,
ta toshe ramin da sifili ke faɗawa.
Ba ta ce a biya ta ba. Ta ce a gaida gida.

Ga gwaji na gudu, tamanin da shida,
kore, kore, kore, kamar fadamar albasa.
Ɗaya ya yi ja. Gabana ya faɗi.
Ashe waƙafi ne na bari inda ba gidansa ba.
Na cire shi kamar ƙaya a diddige.

Sai na rubuta abin da ya sauya:
wannan mun gyara, wannan mun ƙara,
waccan tsohuwar hanya mun rufe ta,
wanda ya yi gini a kanta ya yi haƙuri,
ga sabuwa nan, na kafa alama.
Sunan mutum biyar na jera a ƙasa,
nawa a ƙarshe, ba don tawali'u ba,
Zakari dai kullum shi ne wutsiyar layi.

Batir saura huɗu.
Sauro ya gano idon sawuna.
Na yi bismilla, na danna.
Intanet ta ja, ta tsaya, ta ja,
kamar tsoho yana jan guga,
sannan ta kai bakin rijiya.
Uku, ɗigo, sifili, ɗigo, sifili.

Babu guɗa, babu kalangu.
Akuyar maƙwabta ce ta yi atishawa,
allo ya mutu a hannuna.

Da safe saƙo ya riga ni tashi,
wani daga Marwa: "Sannu da aiki.
To, Fulatanci fa, yaushe?"
Na yi dariya, na sa takalmi,
na tafi wurin Dudu mai ƙosai.
Ta ƙirga, ta naɗe, ba ta ko dube ni ba.
"Dala ashirin," in ji ta,
ba gwaji, ba batir, ba kuskure.