Kalmomin Guzuri

Saura kwana tara in tashi.
Takardar ofis ta ce mako uku, kwas kan noman shinkafa,
a wani tsibiri, Siri Lanka.
Ni dai abin da na gani a waya
yashi ne fari kamar garin tuwo,
da itatuwan kwakwa sun sunkuya suna leƙen ruwa.

Kowace la'asar nakan gangaro bakin kogi a Yelwa,
in zauna kan kifaffen jirgin Arzika,
in buɗe ɗan littafin da na cika da Sinhala.
Haruffansu na bar musu,
zagaye-zagaye ne kamar zanen ƙwarya.
Da bokona na rubuta, yadda kunne ya ɗauko.

Ayubowan.
Wai nufinsa ranka ya daɗe.
Na yi dariya ni kaɗai:
in ƙetare teku, in canza jirgi sau biyu,
in tarar gaisuwar gidanmu ta riga ni sauka.

Kiyada, wato nawa ne.
'Yar talla ta ji ina ta maimaitawa,
ta sauke faranti, ta auna mini gyaɗar ɗari.
Na biya. To me zan ce?

Jirgin masuntansu oruwa ne.
Arzika ya ce, ka ji ko, da ruwa a cikin sunan,
mutanen kirki ne.
Ya ci gaba da ɗinkin komarsa.

Akwai guda da bakina ya ƙi.
Hari.
Can nufinta to, ba komai,
har ninka ta suke yi, hari hari,
suna kaɗa kai, suna murmushi.
Nan in an ce hari
mata ke fara ƙirga yara,
a kira na ƙauye, a ji ko wayar za ta shiga.
Na ja mata layi a ƙasa.
Wataƙila in na sauka ta yi sauƙin faɗa.

Inna na gindin murhun banda tana juya tarwaɗa,
hayaƙi ya rina idonta.
Na ce, Inna, can uwa amma ake ce mata.
Ta ce, amma me?
Na ce, shi ke nan, amma.
Ta ce, lallai sun san uwa,
duk abin da ɗa ya zo da shi
da amma take tarbarsa.

Na miƙa mata hoton gaɓar.
Ta goge gilashin da gefen zane, ta daɗe tana kallo.
Gungu ne?
Na ce, babba, har jirgin ƙasa ke yawo a kansa.
Ta ce, namu ba jirgin ƙasa,
tsamiya biyu ce, da kushewar kakanka,
kuma yashinsa ya fi wannan laushi.
Ta nuna kudu da ƙotar wuƙa,
inda ruwan dam ya kwanta tun tana 'yar ƙwailo,
ko kan kara bai sake leƙowa ba.

Can ta ce, ruwan nasu ana sha?
Na ce, gishiri ne, muhuda sunansa,
na sha kuwa watura.
Ta ce, riƙe na shan da kyau, wancan na kallo ne.
Ka tambayo mini yadda suke busar da kifi.
Ka ɗebo yashin a kwalba in taɓa,
in ji ko na yi ƙarya.

An kira magariba daga masallacin kasuwa,
jiragen ƙetare na ta kashe inji.
Saura layi ɗaya a shafin yau:
gihin ennam.
Ba su cewa na tafi,
cewa suke zan je in dawo.

Na gwada shi a kan kogi, bai amsa ba.
Na gwada a kan Inna.
Ba ta tambayi ma'ana ba,
ta naɗe tarwaɗa uku a takardar siminti,
ta ce, sake faɗa,
a hankali.