Abin da Na'ura Ba Ta Ji

Ran Lahadi, hantsi bai dubi ludayi ba,
mu bakwai a ƙofar shagon Illa mai walda.
Na'ura ɗaya gare mu, ta Barmu ce,
wadda ya ɗauka zuwa Jado neman zinariya,
ya dawo da tari, da bashi,
da wannan sanda mai faifai a baki.
Kowa ya ajiye dala ashirin, kuɗin batiri.

Muka gangara fadama,
can ƙasan Maradi, inda gulbi ke kwance ba ruwa,
inda tsofaffi ke nuni da haɓa su ce:
nan kasuwa take, nan marina,
kafin ambaliya ta kora mu tudu.
Yau zogale ne da tumatir a kan tsohon gari.

Gonar ta Nomau ce, doka ma tasa:
ramin da ka tona, ka cike abinka,
wanda ya taka mini shuka ya biya.
Ya zauna gindin mangwaro yana kallon mu
kamar mai kallon mahaukata, cikin haƙuri.

Barmu ya sa abin ji a kunne, yana lilo da faifai,
taku ɗaya, shara ɗaya, kamar mai yayyafin iri.
Ƙiii! Tsahiru ya zabura da hauya,
shi kullum tukunyar azurfa yake gani.
Marfin kwalba.
Ƙiii! Gwangwanin madara da tsatsa ta cinye.
Ƙiii! Ƙusa. Ƙusa kuma. Ƙusa dai.
Illa ya ce, kakanninmu duk kafintoci ne ashe,
muka yi dariya har na'ura ta yi shiru don takaici.
Rana ta take, gumi ya zama gishiri.

Sai kwabo mai huji ya fito,
wanda ya tsallako daga Katsina a lalitar wani falke.
Sai tamma ta zamanin Nasara, fuskarta ta shafe.
Sai kan kibiya, siriri kamar ganyen tsamiya.
Malama Cima ta buɗe littafinta,
ta rubuta rana, da zurfi, da gefen da aka samu,
don ita abu in ba a rubuta ba, bai zama labari.

Gab da azahar ta sake kuka.
Na durƙusa, na tona, wata ƙusar ce.
Zan cike ramin, yatsana ya ji bakin kasko.
Barmu ya ɗora faifai a kai. Shiru.
Ya sake. Shiru.
Na yaye ƙasa da tafin hannu,
ga su fari fat, cike da tulu fasasshe,
haƙoransu a waje suna mana murmushi:
wuri.

Nomau ya taso, bai nemi takalmi ba.
Ya ɗebi biyar ya karkaɗa a kunne,
ya ce, haka kakata ke yi in za ta sayi daddawa.
Muka ƙirga a kan buhu, biyar biyar,
ɗari huɗu da goma sha biyu.
Na wace ce? Wa take ɓoye wa?
Ta ce gobe zan dawo, ko jibi in ruwa ya janye?
Tsahiru bai tambayi nawa za a saya ba,
karon farko tun da muka kafa ƙungiya.
Na'urar da ta ji ƙusa a zurfin kamu guda
ta wuce ta kan dukiyar mutum, ba ta ji asiri.

Muka cike ramin, muka daddale da ƙafa.
Barmu ya kashe abarsa, ya saɓa a kafaɗa.
A hawan tudu Cima na rungume da kwali,
yana ƙas ƙas duk inda ta taka.
Matar Illa ta leƙo, ta ce, yau kun dawo da wuri.
Illa ya ce, ƙwarai kuwa, da wuri.