Ludayi Ɗaya

Kwana goma sha tara da barinmu Kakinada.
Jirgi ya tsaya cak a kan ruwa,
bututu ya nutsa, ya nutsa,
har na daina ƙirga gaɓoɓinsa.

Ƙarfe uku na dare Venkayya ya buga ƙofa:
"Sailaja, taso, laka ta iso."

Ga ta a kan tebur, kaurin damtsena,
baƙa, sanyi ƙalau,
tana tsaki kamar wadda aka tasa daga barci.
A cikinta farin abu, jijiya-jijiya,
ƙanƙarar da ta haɗiye gas ta yi shiru
tun kafin a raɗa wa tekun nan suna.
Venkayya ya ɓanto kaɗan a cokali, ya ƙyasta ashana.
Wuta a sama, ruwa na ɗiga a ƙasa.
Muka yi dariya kamar yara.

Amma ba dariya aka aiko mu ba.
Lamba ake jira a tudu.
Nawa ne a ƙasan? Shekara nawa zai dafa wa ƙasa shinkafa?

Abin da nake aunawa gudu yake yi.
Kafin in sa safar hannu rabi ya bi iska,
sai sawu: tabon sanyi a jikin bututu,
da ruwan da na matse daga laka
wanda gishirinsa ya ragu.
Daga abin da ya salance nake lissafa abin da ya tsere.

Uwata ludayi ɗaya take kai wa baki
ta san miyar kifi da tsamiya ta ji gishiri ko da saura.
Na taɓa tambayarta sirrin.
Ta ce, "Wane sirri? Na motsa tukunyar."

To wa ya motsa wannan?
Rami na uku yashi ne, maƙil da fari.
Rami na huɗu, tafiyar minti goma a ƙafa
in da ana taka ƙasan teku,
yumɓu ne zalla, ko ƙyalli babu.
Ramuka tara muke da su,
allura tara a katifar da ta fi jiharmu faɗi.

Dakta Kondapalli ya leƙo kafaɗata da asuba,
ya ga lambobi biyu, ƙarama da babba,
tsakaninsu ninki goma.
"Ba za ki zaɓi ɗaya ba?"
Na ce a ba ni rami na goma.
Ya ce mai ya kusa ƙarewa, kuma iska na tafe daga kudu.

Na bar su biyun a takarda.
Na fita na jingina da ƙarfen jirgi.
Can nesa fitilar wani masunci na lilo,
shi ma ya jefa tarunsa cikin duhu
yana jiran ya ji nauyi a hannu.