Ƙarfe Biyu a Ƙarƙashin Fijo

Ƙofar baya ce ta fara tona asiri.
In na tsaya a gangaren gidanmu na Kurna,
taya ɗaya bisa dutse, ɗaya a bakin kwata,
sai ta ƙi rufuwa,
sai na sa mata kafaɗa kamar mai tura jaki.

Na kai ta Kwakwaci ranar Talata.
Ilu mai walda bai ko dubi ƙofar ba.
Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi,
ba na ganin komai sai fason dugadugansa.
Daga can ciki ya ce:
"Ƙofa ba ta da laifi.
Gaban motar nan da bayanta ne suka daina gaisawa.
Inji na da ƙashinsa, tayoyin baya na da nasu,
tsakani kuwa farantin ƙasa ne kaɗai,
shekara talatin yana dakon buhunan gero.
Ya gaji. Murɗewa yake kamar tsumman wanki."

Magani ƙarfe biyu ne masu kusurwa huɗu,
daga Ƙofar Ruwa, kamu uku-uku.
Ya auna, ya ja alli, ya yanke,
ya sake aunawa, ya yi tsaki,
ya rage faɗin yatsa.

Na ce a ɗaga ta a jak. Ya ce ina!
"In ka ɗinke ta tana rataye,
a karkace za ta zauna har ta mutu.
Bar ta bisa rami, kan ƙafafunta huɗu,
da nauyinta, yadda take tsayuwa a titi."

Aka cire kan batir.
Aka yaye kafet:
ga ƙwallon dabino, ga tsohuwar sule,
ga ƙwayar carbin Baba guda uku.
Na sa su a aljihu, ban ce komai ba.
Aka janye tiyon mai da na birki gefe,
injin gurza ya ci fenti, ya ci tsatsa,
har ƙarfe ya yi fari kamar cikin rogo.

Ana haka sai ga Haladu, yayana,
wanda ya ce a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin.
Tun sadakar arba'in ba mu haɗa ido ba.
Ya tsaya nesa, yana kaɗa makullin babur.
Yaron Ilu ya tafi sayen man janareto,
Ilu kuwa bai san tsakaninmu ba:
"Kai, mai farar shadda, sauko ka riƙe min nan."

Ya sauka.

Ni aka ba ni buta da jiƙaƙƙen tsumma,
aka ce in zauna ciki in tsare hayaƙi.
Ta wata hudar tsatsa kusa da ƙafata
ina hango hannunsa tallafe da ƙarfe,
ya kau da kai, ya runtse ido,
shuɗin haske na lasar kunnensa.

Ɗigo nan. Ɗigo can.
Ilu ba ya jan ɗinki dogo:
kaɗan a dama, ya koma hagu,
kada zafi ya ja ƙarfe gefe guda.
Yana ƙwanƙwasa toka da guduma,
dabbara na fitowa jere kamar saƙar faifai.
Sau biyu ƙasa ta yi hayaƙi ƙarƙashin kujera,
sau biyu na danna tsumma, ta ce cuu.

Da la'asar aka shafe ɗinkin da baƙin fenti.
Ilu ya ɗora taya ɗaya kan bulo da gangan,
ya tura ƙofar baya da ɗan yatsa.
Ƙyas.

Haladu ya fito yana duba shaddarsa,
huda uku, kowacce kamar ƙwayar gero.
Ya miƙa wa yaron Ilu makullin babur,
ya ce gobe zai aiko a ɗauka.
"Sauke ni a Gwammaja," ya ce da gilashi, ba da ni ba.

Mun faɗa rami biyu a hanya.
Na kasa kunne, shi ma na ga ya kasa.